Fagen Tambaya da Amsa: Yadda Kokawar Sumo Ta Haifi Makuhita da Hariyama

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso mana a kan wasu halittu biyu na wasan bidiyo na Pokémon, wato Makuhita da Hariyama, kuma da yake dukkan tambayoyin suna komawa ne ga abu guda, wato kokawar gargajiyar Japan da ake kira sumo, sai muka ga ya dace mu tara su a fitowa ɗaya. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, muna fata masu su za su yi mana uzuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana buga wani tsohon wasan Pokémon, kuma a ciki yana da wata halitta rawaya, ɓul-ɓul da ita, mai ƙulli a tsakar ka kamar bakin buhu, sunanta Makuhita. Da ta girma sai ta rikiɗa ta zama wani ƙato mai manyan tafukan hannu da ake kira Hariyama. Ni na ce wannan ai ɗan kokawar Japan ne irin waɗanda ake nunawa a talabijin, shi kuma ya dage cewa sunan na Indiya ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya, ɗan'uwa, sai dai kada ka yi wa ƙanenka dariya da yawa, domin akwai jiha a arewacin Indiya mai suna Haryana, kuma ita ma ta shahara da 'yan kokawa, saboda haka kunnensa bai yi nisa da hanya ba. Amma halittun biyu kamfanin Game Freak na Japan ne ya zana su, kuma sun fara fitowa a wasannin Pokémon Ruby da Sapphire, waɗanda Nintendo ya fitar a Japan ranar 21 ga Nuwamba 2002 a kan ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy Advance. Sunayen da kuka sani na fassarar Turanci ne, an kuma gutsure su. A Japananci ƙaramin sunansa Makunoshita, babban kuma Hariteyama, kuma duk Bajapanen da ya taɓa zama kusa da kakansa ana kallon sumo da yamma zai gane inda aka dosa da jin sunayen kawai.

Mu fara da ƙaramin. Ƙwararrun 'yan sumo an kasa su rukuni shida. A ƙololuwa akwai makuuchi mai mutum 42, ƙarƙashinsa juryo mai mutum 28, sai makushita mai mutum 120, sannan sandanme da jonidan da jonokuchi. Kalmar maku tana nufin labule. Makuuchi su ne na cikin labule, domin bisa bayanin da aka saba bayarwa, a zamanin da manyan 'yan kokawa a bayan wani labule suke zama suna jiran a kira su, makushita kuwa su ne na ƙarƙashin labule. Makunoshita ita ce dai makushita, an ƙara mata harafin haɗi a tsakiya.

Abin da ya sa wannan zaɓi ya burge ni shi ne, masu zanen ba su ɗauki sunan rukunin ƙarshe ba, alhali shi ne mutum zai yi tsammani ga halittar da ke farkon girma. Sun ɗauki rukunin da ke bakin ƙofa, inda bambancin rayuwa yake kamar sama da ƙasa. Wanda ya shiga juryo ya zama sekitori: yana da albashin wata, wanda tun daga 2019 ya kai yen (kuɗin Japan) miliyan 1.1, yana da ɗakin kansa, yana da yaran da ke riƙe masa kaya, yana ɗaura banten alharini ranar gasa, kuma yana karawa sau 15 a kwana 15 na gasar. Ɗan makushita kuwa, ko da taki ɗaya ya rage masa, ba shi da albashi sai ɗan alawus da ake ba shi kowace gasa, bantensa baƙi ne na auduga, karawarsa 7 ce kacal, kuma mai yiwuwa shi ne zai cuɗa wa sekitori baya a wurin wanka. Akwai waɗanda suka shafe shekaru goma a wannan bakin ƙofa ba su shiga ba. To, dubi yadda wasan ya siffanta Makuhita: halitta ce da ba ta karaya, ko sau nawa aka kayar da ita sai ta miƙe ta sake kai hari, kuma kowace miƙewa tana tara mata ƙarfin da za ta rikiɗa da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga yadda safiya take a gidan horar da 'yan sumo, wanda suke kira heya. Ƙananan 'yan kokawa su ne ke fara tashi, tun gari bai gama wayewa ba, su sauko fagen yumɓu da ke cikin gidan ba tare da sun sa komai a ciki ba. Kowa ya buɗe ƙafafu, ya dafa gwiwa, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama iya ƙarfinsa, ya sauke ta tim a ƙasa, ya koma ɗayar, a yi ta haka ɗaruruwa. Wannan shi ne shiko. A kusurwar ɗakin an kafa wani gungumen itace mai santsi da ake kira teppo, wanda mutum zai tsaya gabansa yana dukansa da tafin hannu, dama da hagu, yana jan ƙafa tare da kowane duka. Daga ƙarshe sai a zo kan abin da ya fi gajiyarwa: babba ya tsaya ya ba da ƙirji, ƙarami ya rugo ya yi karo da shi, ya tura shi har bakin da'ira, a jefar da shi a ƙasa, ya tashi jikinsa duk yashi ya sake rugowa, har sai numfashinsa ya kusa ɗaukewa. Bayan wanka sai cin abinci, manya da farko, ƙanana su ci abin da ya rage, sannan a kwanta barcin rana domin abincin ya zauna a jiki. A ɗaya daga cikin fitowar wasan an bayyana wunin Makuhita da cewa atisaye tare da sassafe, ci da barci da rana, sannan a koma atisaye. A wata fitowar an ce tana gwara jikinta da manyan bishiyoyi, wanda shi ne gungumen teppo aka mayar daji. A wata kuma an ambaci wani romo na gargajiya da masu horarwa ke dafa mata don ta yi ƙarfi, kuma wannan romo a zahiri sunansa chankonabe, tukunya guda da ake zuba nama ko kifi da ganyaye da awara a ciki. Lokacin gasa an fi son na kaza, saboda kaza a kan ƙafa biyu take tsayawa, dabba mai ƙafa huɗu kuwa tana kama da ɗan kokawar da hannunsa ya taɓa ƙasa.

Sunan babban ya haɗa kalma biyu. Harite shi ne mari da buɗaɗɗen tafi, yama kuma dutse ne, irin babban tsauni. Kowane ɗan sumo yana da sunan fage da ake kira shikona, kuma yama na cikin ƙarshen suna da aka fi ji a tarihin wasan. Futabayama, wanda ya yi nasara sau 69 a jere tsakanin 1936 da 1939, har yau ba a karya wannan tarihi nasa ba. Saboda haka Hariteyama suna ne da za a iya kiransa a fagen Kokugikan, babban zauren gasar sumo na Tokyo, ba wanda ya ɗaga gira, ma'anarsa kuwa kamar a ce Dutsen Mari. Makuhita tana rikiɗa ta zama shi idan ta kai mataki na 24 na girma a wasan, wato daga sunan rukunin da kowa ke ciki zuwa sunan fage na ƙashin kai. Wasan ma ya bi shi har tsufa, domin an ce idan ya manyanta yakan mai da hankali ga horar da Makuhita, kamar yadda tsohon ɗan sumo, bayan an yi bikin yanke masa tukku, yake zama oyakata, wato ubangidan da ke riƙe da gidan horo.

Game da ƙullin da ka gani a kan Makuhita, yana da fuska biyu. Yana kama da bakin buhun yashin da 'yan dambe ke naushi a wurin atisaye, yana kuma tsaye a gurbin tukkun 'yan sumo, chonmage, wanda tsohon salon gyaran gashi ne na zamanin samurai, mayaƙan Japan na da, da ya ɓace a tsakanin jama'a bayan 1871 amma ya saura a kan 'yan kokawa.

Tambaya: Ni ma'abocin kokawa ne tun ina yaro, ba na fashin kallon gasar Takobi. Yarana sun nuna mini wannan Hariyama suka ce ɗan kokawa ne, amma na ga aikinsa mari da hankaɗa. A wurinmu wanda ya mari abokin karawarsa ya saɓa ƙa'ida. Wace irin kokawa ce wannan, ko kuwa masu wasan ne suka haɗa ta da dambe? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, tambayarka ta taɓo ainihin bambancin. A kokawar da ka sani, wadda Nijar ke gudanar da gasarta ta ƙasa tun 1975 lokacin da aka fara a Tawa, magana tana ƙarewa ne da kayarwa. A sumo hanyar nasara biyu ce. Ko dai wani sashe na jikin abokin karawarka, ban da tafin ƙafarsa, ya taɓa ƙasa, ko kuma ka fitar da shi daga da'irar, wadda faɗinta mita 4.55 ne, an shata ta da damman karan shinkafa da aka binne rabinsu a cikin yumɓu. Da yake fitarwa ma nasara ce, sai turi ya zama ilimi mai zaman kansa. 'Yan sumo sun kasu gida biyu a salo: masu neman riƙe bante su rungumi mutum su tafi da shi, da masu hana a riƙe su, waɗanda ke aika tafukan hannu ɗaya bayan ɗaya a ƙirji da ƙasan haɓa har sai abokin karawa ya miƙe tsaye, ya rasa gindin zama, ya ja da baya ya taka waje. Wannan jerin duka shi ake kira tsuppari. Hukumar Sumo ta Japan ta amince da dabarun nasara 82, amma biyu ne suka fi yawan faruwa, fitarwa da riƙon bante da fitarwa da turi.

Hariyama ɗan gida na biyu ne. Dabarar da aka san shi da ita a wasan, wadda a lokacin fitowarsa shi da Makuhita kaɗai ke koyonta, sunanta na Japananci tsuppari ɗin ne ba canji, kuma tana sauka sau 2 zuwa 5 a jere, kowane duka mara nauyi sosai, sai an tara su ake jin jiki. A ganina akwai dalilin sana'a da ya sa aka zaɓi wannan salo. Fuskar na'urar Game Boy Advance ɗigo 240 ce a kwance da 160 a tsaye, kuma a wasannin farko halittar hoto ne guda da ba ya motsi. Riƙon bante yana buƙatar jiki biyu a haɗe kafin a gane abin da ke faruwa, amma tafin hannu guda da aka miƙo gaba, aka ƙara masa girma har ya kusa kai faɗin ƙirji, aka shafa masa launin ruwan goro, yana ba da labarin gaba ɗaya da kallo ɗaya.

Mari kuwa halal ne a sumo, muddin hannu a buɗe yake. Abin da aka haramta shi ne naushi da dunƙulallen hannu, da jan gashi, da tsokane ido, da shaƙe wuya, da harbin ƙirji ko ciki da ƙafa. A nan ne zargin da ka yi na haɗawa da dambe yake da ƙamshin gaskiya, domin hannuwan Makuhita baƙaƙe ne a dunƙule kamar safar 'yan damben zamani, abin da ba shi da gurbi a fagen sumo ko kaɗan. Sai ta rikiɗa ne hannun yake buɗewa ya zama tafi mai yatsu uku. Ko da gangan aka yi ko dace ne, tsarin ya yi ma'ana: yaro ya shigo da dunƙule, horo ya buɗe masa hannu.

Akwai wata dabara da nake so ka gani da kyau, domin fassarar Turanci ta binne asalinta. A wasan ana kiranta Fake Out, a Japananci kuwa nekodamashi, wato ruɗin kyanwa. Ka ɗauka ƙatti biyu sun tsuguna suna fuskantar juna, tsakaninsu fararen layuka biyu da tazarar santimita 70, alƙalin wasa yana gefe da maficinsa. Ba a busa usur. Su biyun ne za su daidaita numfashi, kowa ya taɓa ƙasa da hannuwansa, su zabura lokaci guda. A daidai wannan ƙiftawar ido, maimakon ya yi karo, sai ɗayan ya tafa hannuwansa tas a gaban fuskar ɗan'uwansa. Wancan ya runtse ido ba da son ransa ba, kafin ya buɗe an riga an zagaye shi an kama masa bante. Dabarar ba ta da amfani sai a wannan sakan na farko. Yanzu dubi ƙa'idarta a wasan: tana riga sauran dabaru sauka, tana sa abokin gaba ya firgita ya rasa damarsa, kuma ba ta aiki sai a juyin farko bayan halittar ta shigo fage. An ɗauko ta da gashinta. Saboda kyanwar da ke cikin sunan ne ma ya sa halittun wasan masu siffar mage, irin su Meowth, suke koyonta.

A fagen gaskiya ana kallon nekodamashi a matsayin dabarar ƙaramin da ke neman mafita a gaban babba. Da Hakuho, ɗan Mongoliya da ya ci kofi 45 kafin ya yi ritaya a 2021, ya yi ta ga Tochiozan a gasar Nuwamba 2015, ya ci karawar amma ya sha suka, har shugaban hukumar na lokacin, Kitanoumi, ya fito ya ce wannan bai dace da mai muƙamin yokozuna ba, wato muƙami mafi girma a sumo.

Fitarwa daga da'ira ce kaɗai ba ta samu shiga yadda ya kamata ba, tunda faɗan Pokémon ba shi da da'ira. Abin da ya fi kusa da ita shi ne wata dabara da Hariyama ke koya wadda ke kore abokin gaba daga fage a tilasta wa wani ya shigo madadinsa.

Tambaya: Ni uwa ce kuma malamar makaranta. Na ji an ce sumo ba wasa ba ne kawai, yana haɗe da addinin gargajiyar Japan, har da watsa gishiri don korar aljanu. Shin waɗannan abubuwa suna cikin halittun da yaranmu ke wasa da su? Daga wata malama a Kaduna.

Amsa: Malama, abin da kika ji game da sumo gaskiya ne. Yana da tsohuwar alaƙa da addinin Shinto, kuma ba a ɓoye take ba. Rufin da ke rataye a saman fagen an yi shi da siffar rufin ɗakin bautarsu, da tuntaye huɗu a kusurwoyinsa, kore da ja da fari da baƙi. Ana gobe za a fara kowace gasa, alƙalan wasa sukan yi shigar limaman Shinto su gudanar da biki, a binne gishiri da shinkafa da busasshen ganyen teku da wasu 'ya'yan itace a wani rami a tsakiyar fagen, a zuba giyar shinkafa. Manyan 'yan kokawa suna kurkure baki da ruwa su watsa gishiri kafin karawa don tsarkake wurin, buga ƙafar nan ta shiko kuma asalinta korar miyagun iskoki ce daga ƙasa. Farar igiyar da yokozuna ke ɗaurawa a ƙugu, mai fararen takardu a rataye, irin wadda ake zagaye wurare masu tsarki da ita ce a wurinsu.

Daga cikin wannan duka, abu ɗaya ne ya ƙetara zuwa jikin Hariyama, wato buga ƙafa, kuma wasan ya bayyana shi ne a matsayin hanyar tara ƙarfi kafin duka. Ba shi da farar igiya, ba ya watsa gishiri, babu alƙali mai shigar limami a tare da shi. Rawayen abin da ya zagaye masa ƙugu kamar buje yana tuna wa mutum bante da igiyoyin da ke lilo a gabansa, gashinsa mai launin shuɗi kuma ya zubo ta baya, bai ma yi kama da tukkun manyan 'yan sumo mai siffar ganye ba. Wasu masu sharhi sukan ce ai yana da wata tsohuwar dabara mai ambaton gishiri a sunanta na Turanci, don haka watsa gishirin ne aka kwaikwaya. Wannan kuskure ne da fassara ta haifar. Sunanta na asali kitsuke, ma'anarsa farfaɗo da wanda ya suma, kuma aikinta shi ne ta bugi wanda jikinsa ya sandare da ƙarfi ninki biyu sannan ta warware masa sandarewar. Haka ma bugun ciki kamar ganga da yake yi, ko da yake 'yan sumo sukan bubbuga ciki da bante kafin karo, sunan dabarar ya fi kusa da tatsuniyar wata dabbar dajinsu da ake kira tanuki, wadda aka ce tana kiɗa da tumbinta.

Wani wurin da wasan ya rabu da al'adar shi ne batun mata. Ɗaya cikin huɗu na Makuhita da Hariyama mata ne, alhali a sumon ƙwararru mace ba ta taka fagen ko da kuwa don miƙa kyauta. A Afrilu 2018, a garin Maizuru, magajin garin ya yanke jiki ya faɗi yana jawabi a kan fagen, wasu mata suka hau don ceto ransa, aka yi shela da lasifika cewa su sauka, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har shugaban hukumar ya nemi afuwa.

Batun hukunci kuwa na malamai ne, mu bayanin abin da ke ciki kaɗai muke iya kawowa. Yana da kyau ki san cewa a 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon da katunansa, kuma dalilan da ta kawo sun haɗa da kama da caca da batun rikiɗar halittu, babu sumo a ciki, domin a lokacin waɗannan biyun ba su ma fito ba. Ta ɓangaren fagen kuma, an taɓa samun Musulmi ɗan Masar, Osunaarashi, ɗan Afirka na farko a sumon ƙwararru, wanda ya kai babban rukuni a 2013 kuma ya yi gasar Nagoya ta watan Yuli yana azumin Ramadan.

Tambaya: Shin ba a zuzuta girman wannan halitta ba? Kuma ƙiba ce ke sa a ci kokawar? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: A tsawo an zuzuta, domin an ba Hariyama mita 2.3. A nauyi kuwa, abin mamaki, mutane sun fi shi. Nauyinsa a wasan kilo 253.8 ne, alhali Konishiki, haifaffen Hawai da ya kai muƙamin ozeki, wanda ke bin yokozuna, a 1987, ya haura kilo 280, Orora ɗan Rasha kuma ya kai kilo 292.6. Sumon ƙwararru ba shi da rabon aji bisa nauyi, kowa da kowa ake haɗawa, shi ya sa ake neman jiki. Amma Orora, duk da wannan nauyi, bai taɓa wuce makushita ba har ya bar fage a 2018, yayin da Mainoumi, wanda nauyinsa ke wajen kilo 100, ya kai muƙamin komusubi, na huɗu daga sama, a shekarun 1990 yana kayar da waɗanda suka ninka shi, kuma nekodamashi na cikin kayan aikinsa. Wasan ma ya faɗi haka a ɗaya daga cikin bayanansa, cewa ba lallai manyan Hariyama su fi ƙarfi ba, akwai ƙanana masu zafin nama da iya dabara. A lissafin wasan ƙarfin jurewarsa 144 ne, ƙarfin dukansa 120, saurinsa 50 kacal, kuma a nan ina ganin an ɗan zalunci 'yan sumo, domin duk wanda ya ga zaburar farko ya san cewa a tazarar taki biyu ba su da nawa ko kaɗan.

Tunda an ambaci Hawai, ga wani abin lura. Wasannin Sun da Moon na 2016 an gina su a yankin Alola, wanda aka kwaikwayo daga tsibiran Hawai, kuma a can an ce Makuhita daga wani yanki aka kawo ta amma yanzu ta Alola ta fi suna. Ina karanta wannan a matsayin gaisuwa ga Takamiyama, baƙo na farko da ya ci kofin babban rukuni a 1972, da Akebono, baƙo na farko da ya zama yokozuna a 1993, da Musashimaru da ya bi sahunsa a 1999, dukkansu daga Hawai suka zo. Yankin Hoenn kuwa, inda halittun suka fara bayyana, an zana shi ne bisa tsibirin Kyushu, inda birnin Fukuoka ke karɓar gasar Nuwamba, ta ƙarshe a cikin gasa 6 na shekara.

Tambaya: Akwai wasu irinsa a wasannin bidiyo? Daga wani matashi a Damagaram.

Amsa: Akwai, kuma wanda ya fi suna ya girme shi da shekara 11, wato E. Honda na wasan Street Fighter II da kamfanin Capcom ya fitar a 1991, wanda shi ma da ruwan mari aka san shi. Sai dai jan zanen da ke fuskarsa daga kabuki, wasan kwaikwayon gargajiyar Japan, aka aro shi, ɗan sumo ba ya hawa fage da fenti a fuska. A cikin Pokémon ɗin kansa, wasan Violet na 2022 ya kawo Iron Hands, wani mutum-mutumin ƙarfe mai siffar Hariyama da aka ce daga zamani mai zuwa ya fito, yana haɗa faɗa da lantarki. An canza masa fata da tsoka zuwa ƙarfe, tafukan hannunsa ma an raba su da damatsa suna shawagi da kansu, amma tsayuwar ta sumo ce, ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, tafi a gaba.